Babanta ya kira ta daƙiƙiya saboda lissafi, ita kuma ta fara yarda

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai yara huɗu, damuwata a kan babbarsu ce. Shekararta 14, tana aji uku a sakandare. A firamare ba ta taɓa ba mu matsala a lissafi ba, har ƙannenta take koya wa. Tun da aka shiga lambobi masu mainos da su x da y, komai ya rikice mata. Zangon da ya wuce 31 ta ci cikin 100. Babansu injiniya ne, sai ya ce shi zai riƙa zama da ita da daddare. Anti, da ma bai fara ba. Ba sa minti goma sai in jiyo tsawa, rannan har ya ce mata daƙiƙiya a gaban ƙannenta. Yanzu da ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki ta ce kanta na ciwo. Ni kuma ban iya lissafin ba, tun ina makaranta na tsane shi, har nakan ce mata "ni kika gado" don in lallashe ta. Na kwafo miki wasu daga cikin waɗanda malaminsu ya soke da jan biro a littafinta: −7 − 5 = 12, da 2³ = 6, da −3² = 9, da (x + 3)² = x² + 9, sai kuma x² − x − 6 = (x − 2)(x + 3). Ni ban san me ke daidai ko kuskure a ciki ba. Tun tana ƙarama likita take son zama, yanzu ta ce ta fasa, ba za ta shiga ajin kimiyya ba. In hana Babansu koya mata ne? In ɗauko mata malamin lesin? Ko in ƙyale ta ta bar kimiyyar? Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya shirya mana zuri'a. Na gode da kika kwafo min kurakuran nan, domin sun gaya min abin da lambar 31 ba za ta iya gaya min ba. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ki kwantar da hankalinki, wannan ba aikin daƙiƙiya ba ne. Wanda bai fahimci komai ba canka yake yi, yau ya rubuta wannan, gobe wancan. 'Yarki kuwa doka take bi a kowane layi, sai dai dokar ce ta shigar mata a karkace. Ruwa ba ya tsami banza. Kurakurai biyar kika aiko, amma tushensu bai wuce uku ba, kuma kowanne yana da magani.

Ɗauki na farko. Ta rubuta −7 − 5 = 12 ne saboda an rera musu waƙar nan da kowane ɗalibi ya sani, wai mainos da mainos sai su ba da fulos. Ta ga mainos biyu, ta yi biyayya. Matsalar ita ce wannan magana ta ninkawa da rabawa ce, ba ta shafi wanda ake bi bashin 7 ya sake ciyo bashin 5 ba. Wannan bawan Allah bashin 12 ke kansa, wato −12, kuma na tabbata in kika yi mata tambayar da kalmar bashi, kafin ki rufe baki ta ba ki amsa. Ɗan karan nan da muke kira mainos aiki uku yake yi, ba a cika gaya wa yara ba. Wani lokaci umarni ne, a ɗebe. Wani lokaci suna ne, yana nuna lambar tana ƙasa da sifili. Wani lokaci kuma yana nufin "kishiyar kaza", shi ya sa in x tana matsayin −4, to −x ta zama 4. Yarinyar da ta shekara shida tana ganin wannan kara da ma'ana ɗaya tak, rana tsaka aka ƙara masa biyu ba sanarwa, ai dole ta ruɗe.

Ki sa ta ja layi a takarda, sifili a tsakiya, lambobin da ta saba da su a dama, masu mainos a hagu. Tarawa tafiya ce zuwa dama, ɗebewa tafiya zuwa hagu. Ta ɗora yatsa a kan −7 ta taka biyar hagu, ta gani da idonta inda ta sauka. Shi kuma 5 − (−3) = 8 da yake ba yara mamaki, yafe bashi ne. Kina da 8 a hannu, ana bin ki 3, ashe naki na gaskiya 5 ne. Mai bashin ya ce ya yafe, an ɗebe bashin ke nan, kin koma 8.

Ninkawar fa? Kada kowa ya ce mata "haka dokar take". Ta rubuta da hannunta, layi bayan layi: 3 × (−4) = −12, sai 2 × (−4) = −8, sai 1 × (−4) = −4, sai 0 × (−4) = 0. Ki tambaye ta me ta lura yana faruwa da amsoshin. Za ta ce kowane layi ana hawa da 4. To layi na gaba, (−1) × (−4), ina zai sauka in ba a kan 4 ba? Dokar da yaro ya tono da kansa ba ta cika guje masa a ɗakin jarrabawa ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai labarin da nake so ki kai wa Babansu. Lambobin nan da yake ganin kowa ya kamata ya gane cikin dare ɗaya, manyan masana sun daɗe suna kokawa da su. Mutanen Sin na dā suna lissafi da tsinkaye, ja na abin da ake da shi, baƙi na abin da ake bin mutum. A Indiya, Brahmagupta ya rubuta dokokinsu a shekarar 628, da kalmomin dukiya da bashi ya yi bayani. Duk da haka Alkawarizmi, wanda ya yi littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, littafin da daga sunansa aka samo kalmar aljabra, wato lissafin nan mai x da y, bai yi aiki da amsar da ke ƙasa da sifili ba. Cardano na Italiya a 1545 ya kira su lambobin ƙage, Descartes na Faransa a 1637 yana kiran irin waɗannan amsoshi na ƙarya. Shekara dubu ke nan bayan Brahmagupta. Abin da ya ɗauki masana wannan tsawon lokaci kafin zuciyarsu ta natsu da shi, ba laifi ba ne don 'yar shekara 14 ta nemi a maimaita mata sau uku.

Tushe na biyu shi ne 'yar ƙaramar lambar da ke ɗare a kafaɗar babba. 'Yarki ta ɗauka 2³ na nufin 2 sau 3, alhali yana nufin a jera 2 guda uku a ninka su, 2 × 2 × 2, wato 8. Kin san abin da ya yaudare ta? Misalin farko da ake yawan ba yara shi ne 2², kuma a nan ko ta hanyar daidai ko ta karkatacciya 4 za a samu. Sai yaro ya ci maki da gurguwar fahimta, ya wuce da ita aji na gaba ba wanda ya lura. Maganinsa, na mako biyu ko uku, duk inda ta ga lambar kafaɗa ta warware ta a rubuce tukuna. 2³ × 2⁴ ta jera biyu-biyun nan guda uku, ta ƙara guda huɗu, ta ƙirga ta ga bakwai ne, sai ta gane dalilin da ya sa ake tara lambobin kafaɗa a samu 2⁷. Haka nan in ta sauko tsani tana rabawa biyu, 2⁴ = 16, 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2, za ta ga da kanta cewa 2⁰ dole ya zama 1, 2⁻¹ ya zama rabi, 2⁻² ya zama ɗaya bisa huɗu. Mainos a kafaɗa ba ya mai da amsa bashi, rabawa yake nufi.

Na −3² kuwa, a gaskiya ina tausaya mata, don ko manya yana kayar da su. Lambar kafaɗa abin da take zaune a kansa kawai take kamawa. A −3² a kan 3 take zaune, mainos ɗin yana waje yana jira, sai a samu 9 sannan a maƙala masa mainos, −9. In ana so ta haɗa har da mainos ɗin sai an sa baka, (−3)², shi ne zai ba da 9. Yarjejeniya ce ta rubutu, kamar yadda aka yarda a karanta boko daga hagu. Tun da Babansu injiniya ne, ki ce ya buga =-3^2 a manhajar Excel, zai ga 9 ta ba shi, irin amsar 'yarsa, alhali kalkuletar kimiyya −9 take bayarwa. A jarrabawa −9 ake so, wannan ba gardama, amma ina jin in ya ga haka muryarsa za ta ɗan sauka.

Na uku shi ne baka, kuma nan ne zan ba ki makamin da ya fi duk sauran amfani. Ta rubuta (x + 3)² = x² + 9. Ba sai kin iya aljabra ba kafin ki kama wannan. Ki ce mata, "A ce x ɗin nan 1 ce, me kowane ɓangare zai ba mu?" Hagu, 1 da 3 sun zama 4, sau kansa 16. Dama, 1 da 9 sun zama 10. Ba su haɗu ba, ashe akwai 6 da ta ɓace. Ta zana murabba'i, kowane gefe ta raba shi gida biyu, x da 3. Ɗakuna huɗu za su fito: babba x², ƙarami 9, da dogaye biyu kowanne 3x. Su ne ta manta. Amsar ita ce x² + 6x + 9. Da irin wannan zane Alkawarizmi ya warware sanannen misalinsa, x² + 10x = 39: ya cike kusurwar murabba'in da 25, jimla ta zama 64, gefe ya zama 8, ya cire 5 ya samu 3.

Na ƙarshen ma, wanda ake tsinka lissafi a mai da shi baka biyu, abin da suke kira neman fakta, ta kusa ci. Ana neman lambobi biyu ne da in an ninka su za su ba da −6, in an tara su su ba da −1. Ta gano 2 da 3 ne, wannan shi ne mai wuyar. Mainos ɗin kawai ta ɗora wa wadda ba ita ba. −2 da 3 in an tara 1 ne, 2 da −3 su ne −1, don haka (x + 2)(x − 3) ake nema. Kin ga ashe ciwon farko ne ya biyo ta har nan. Da ta gwada da x = 1, tambayar za ta ba ta −6, amsarta ta ba ta −4, da ta kama kanta kafin jan biro ya kama ta. Sai dai ta guji gwadawa da sifili, don a wannan misalin duka biyun −6 za su bayar, ya rufa wa kuskuren asiri. Gara ta gwada lambobi biyu daban, ko ta buɗe bakan ta ga ko ta dawo inda ta taso. Kuma ta saba da duba ko akwai abin da kowa ya yi tarayya a kai kafin komai: 2x² − 18 a fara fitar da 2, ya rage x² − 9, shi kuma ya tsinke zuwa (x − 3)(x + 3).

Abin da ya sa na nace a kan gwaji da lamba, a halin yanzu 'yarki fuskar mahaifinta take karantawa don ta san ko ta yi daidai. Tana rubutu tana satar kallonsa. Aljabra kuwa tana buƙatar mutum ya riƙe abu uku ko huɗu a ka lokaci guda, tsoro kuma shi ma wuri yake ci a kan. Shi ya sa abin da ta iya da rana yake ɓace mata da daddare. Ranar da ta iya duba amsarta da kanta, ta daina jiran hukuncin kowa.

Yanzu Babansu. Kalmar da ya faɗa ba ta dace ba, balle a gaban ƙannenta, ba zan yi miki kwana-kwana a kan wannan ba. Amma mutumin da ya dawo aiki a gajiye ya ɗauki littafin 'yarsa, ba ƙiyayya ta zaunar da shi ba. Tsoro yake ji kada ta rasa abin da ya san lissafi yana buɗewa. Ga kuma wata matsala ta masu ilimi: abin da mutum ya shekara ashirin yana yi, matakansa sun narke masa, yana tsallake uku bai san ya tsallake ba, sai ya ga kamar da gangan yarinya ta ƙi ganewa. Iya abu daban, iya koyar da shi daban. Kada ki ce masa "ka daina koya mata", zai ji kamar kin kore shi daga kan 'yarsa. Ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, yara ba sa kusa, ki nuna masa kurakuran nan biyar ki ce, "Baban yara, dubi nan, kamar duk a kan mainos da lambar kafaɗa da baka take faɗuwa." Injiniya in aka nuna masa inda na'ura ta lalace, hankalinsa kan koma kan gyara. Sannan ki gaya masa a hankali cewa ciwon kan nan na ƙarya ne, shi take gudu. Da wuya uba ya ji haka bai yi sanyi ba. Ki roƙe shi abu biyu: ya ba ta hutun zaman dare na mako uku, kuma ya janye kalmar nan da bakinsa. Ba sai ya yi dogon ban haƙuri ba, "Na san ke ba daƙiƙiya ba ce, raina ne ya ɓaci" ya wadatar. In zaman ya dawo, kada ya wuce minti ashirin, biro a hannunta yake, shi tambaya kawai zai riƙa yi, in ya ji ransa ya fara ɓaci a rufe littafi sai gobe.

Ke ma, 'yar'uwata, ina da 'yar magana da ke. "Ni kika gado" ɗin nan ki ajiye ta. Na san lallashi kike nufi, amma abin da kunnenta ke ji shi ne a jini abin yake, wahalar banza take yi. Uba ya ce daƙiƙiya, uwa ta ce gado ne, ina za ta sa kanta? Ina ma zargin ke ɗin ma a wannan mararrabar aka bar ki, ba wanda ya tsaya ya zana miki layi da sifili a tsakiya. Rashin iyawarki kuwa zai yi mana amfani. Ki zama ɗalibarta. Kullum minti goma sha biyar, ki ce ta koya miki abu ɗaya, ki yi ta tambaya tsakani da Allah, "Me ya sa?", "Ban gane ba, sake." Yarinyar da ta saba koya wa ƙannenta, a kujerar malami ƙarfinta yake. Ku buɗe ɗan littafi na musamman, duk kuskuren da ta yi ta rubuta shi, a ƙasa ta rubuta da kalmominta abin da ya yaudare ta. Tambaya biyar a rana, a gauraye, ta fi hamsin ranar Lahadi.

Ki je ki ga malaminsu ma, ba da faɗa ba. Mai aji cike da ɗalibai ga manhaja tana kora shi, ba lallai ya lura cewa cututtuka uku ne kacal ke fitowa a wurare biyar ba. Ki nuna masa, ki roƙi ya dawo da ita gaba. A duba idonta kuma, don ɗan karan mainos da lambar kafaɗa su ne farkon abin da ke ɓacewa ga mai kallon allo daga nesa.

Malamin lesin ba laifi in da hali, amma ki gwada shi tukuna. Ki miƙa masa kurakuran nan ki ce me ya gani. In ya tsaya gyara amsoshi kawai, ki nemi wani. In ya ce bari ya ji yadda ita ta yi tunani har ta kai ga 12, to shi ne. In babu hali, ƙawa ko yaya da ta wuce ajin da shekara ɗaya takan fi babban masani iya bayani, don ba ta manta inda ƙaya take ba. Akwai kuma darussan bidiyo kyauta irin na Khan Academy, da za ta iya tsayarwa ta maimaita ba mai yi mata tsawa. Manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa kuwa, ta yi nata tukuna, sannan ta duba da su.

Maganar barin kimiyya, kada ki tilasta mata, kada kuma ki amince yanzu. Ba likitanci ta daina so ba, zaman dare take gudu, kuma ko wane aji ta koma lissafi yana can yana jiran ta. Ki ce mata ku ba abin zango ɗaya, in bayan nan ta gane lissafin amma zuciyarta ta karkata wani fannin, za ki goya mata baya har wurin Babansu.

Yau da daddare kada ku buɗe littafi. Ki tambaye ta 51 × 49 nawa ne, ba biro ba kalkuleta. In ta yi shiru, ki ce 51 ai 50 ne da ɗaya, 49 kuma 50 ne ba ɗaya, don haka 50 × 50 ne a cire 1, wato 2499. Dabarar da ta tsinka x² − 9 ce aka juyo da ita. Ki bar ta ta gwada 32 × 28 da kanta, in ta samu 896, ki ce ta je ta yi wa Babanta tambayar ta ga ko zai riga ta.